Aljanu, Sadaukai da Soyayyar Zamanin Da: Amsoshi ga Masu Tambaya

A unguwarmu akwai wani mai hayar littattafai da ke ajiye na aljanu da na yaƙi a kanta ta can ƙasa, na soyayya kuma a sama inda ido zai fara sauka. Ni kullum sai na durƙusa. Daga wancan durƙuso zuwa yau shekaru sun ja, kuma tambayoyin da ke biye su ne na fi ji daga bakin ƙanne, da abokai, da iyayen da suka ga ɗansu ya kifa kai a littafi har abinci ya huce.

Wai ina bambancin littafin aljanu, da na yaƙi, da na soyayyar tarihi? Ba duk ƙirƙira ɗaya ba ce?

Ƙirƙira ce duka, amma abin da ke hana ka barci a kowanne daban ne. A labarin asiri da abubuwan ɓoye, duniyar tamu ce ta yau da kullum: gidan haya, rijiya a tsakar gida, amarya sabuwa. Sai wani abu ya ƙi zama daidai. Tulun da aka cika da magariba a wayi gari babu ko ɗigo, ko a riƙa jin daka da tsakar dare a gidan da babu turmi. Kana karatu kana tambaya: wane ne, kuma me ya sa?

Littafin yaƙi da almara shi kuwa ya ɗauke ka gaba ɗaya ya kai ka wata duniya mai birane bakwai, da tsuntsun da ke ɗaukar mutum, da takobin da sai jinin wani gida ke iya zare shi. Nan tambayar ita ce ko sadaukin zai kai, kuma me zai rasa a hanya. Soyayyar tarihi ta fi su natsuwa. Mutum biyu ne suke son juna a zamanin da ba su da ta cewa a kan aurensu, sai ka zauna kana jiran ka ga ta ina ƙofa za ta buɗe. Sau da yawa marubutanmu kan zuba ukun a tukunya ɗaya, kuma in an iya girkin, ya fi daɗi.

Ba daga finafinan waje da littattafan Turawa muka aro wannan ɗabi'a ba?

A'a. Kafin a buga littafin Hausa ko ɗaya, kakanni suna cewa "ga ta nan, ga ta nanku", yara na amsawa "ta zo mu ji ta", sai Dodo ya fito, Gizo ya yi ta'asarsa, yarinya ta auri kyakkyawan baƙo ta tarar ashe aron sassan jiki ya yi. Wanda ya tashi da wannan a kunnensa ba sai an koya masa son abin al'ajabi ba.

Da boko ya zo ma, da irin wannan labari aka buɗe fage. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, kuma littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri. Dubi abin da ke cikin huɗu daga cikinsu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tafiya ce ta neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, tafiyar da ta kai ga ƙasar aljanu. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin gaske tsakanin sarakunanmu da Turawa, ya zarce zuwa gwabzawa da aljanu. Jiki Magayi na John Tafida da East labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace masa budurwa, ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa tarihi ne tsantsa, na zamanin bauta da ayarin hamada. Ka ga ke nan duka rassan da muke magana a kansu suna nan tun ranar farko.

Gaskiya ne an sha daga rijiyar Larabawa da Farisawa. Dare Dubu da Ɗaya ya shigo Hausa tun 1924, kuma ƙamshinsa na jikin littattafai da yawa. Amma aro irin wannan tsohon abu ne a wurinmu, tun zamanin fatake da almajiran ilimi. A 1969 Umaru Dembo ya ɗaga labarin Hausa zuwa sararin samaniya da Tauraruwa Mai Wutsiya. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, soyayya ta fi yin suna, amma a gefenta marubuta irin su Nazir Adam Salih da Abdulaziz Sani Madakin Gini sun tara masu karatu da labaran al'ajabi da na yaƙi.

Me zai sa mutum da hankalinsa ya nemi abin da zai ba shi tsoro?

Saboda tsoron littafi yana da marfi. Na tuna wani dare da aka ɗauke wuta, ina karatu da fitilar ƙwai, na zo daidai inda matar ta leƙa rijiya ta ga fuskar da ba tata ba. A daidai nan kyanwa ta diro kan kwanon ɗakinmu. Tsigar jikina ta tashi, na kife littafin a ƙirji, na yi ta sauraron numfashin ƙanena da ke barci. Bayan ɗan lokaci na sake buɗewa. Wannan sake buɗewar ita ce daɗin. Ka taɓa tsoro da hannunka, ka janye, ka koma lokacin da ka ga dama, abin da rayuwa ba ta ba ka zaɓinsa.

Kuma labarin aljanu kan faɗi abin da baki ke nauyin faɗa. Kishiyar da ake zargi da sammu, dukiyar da ta zo dare ɗaya ba a san tushenta ba, ɗan da ya bar gida aka ce kurciya aka yi masa: duk damuwar gidajenmu ce aka sa mata rigar dodo.

Ta yaya zan gane mai kyau daga tarkace?

Nan ne na fi zafi, don an cuce mu da yawa. Abin al'ajabi sai da ƙa'ida. In marubuci ya ba jarumi layar zana, to ya gaya mana iyakarta: ba ta aiki in ya taka jini, ko tana karyewa da kiran sallar asuba, ko kowane amfani da ita yana rage masa wani abu. Da zarar mun san iyakar, sai zuciya ta fara bugawa, don mun san akwai inda za a kama shi. Amma jarumin da ke kashe dakaru dubu arba'in da sara ɗaya, in an ƙure shi kuma wani tsoho ya ɓullo daga babu ya miƙa masa sabon zobe, wannan ba ya sa ka fargaba. Ka riga ka san ba abin da zai same shi, sai ka fara tsallake shafi.

Tatsuniya ta san wannan tun tuni. Kullum akwai sharaɗi: kada ki buɗe ɗaki na ƙarshe, kada ka waiwaya, kada ki faɗi sunansa. Labarin gaba ɗaya yana rataye ne a kan ranar da za a karya sharaɗin.

A labarin asiri kuma, abin dubawa shi ne adalcin marubuci. In a ƙarshe aka ce ashe jakadiya ce ke binne layu a bakin ƙofa, ya kamata in ka koma baya ka tarar an nuna maka ita tun farko da ƙasa a farcenta, kai ne ba ka lura ba. In kuwa mai laifin wani ne da ba a taɓa ambata ba sai a shafi na ƙarshe, an yi maka fashin lokaci.

Sai aljanun kansu. Na fi son marubucin da ya san namu: mutanen ɓoye da ke zaune a tsamiya da kuka, a kufai da bakin rafi, waɗanda ake gudun zuba musu ruwan zafi da dare ba tare da bisimilla ba. Masu bori ma suna da birninsu na iskoki, Jangare, da sarakunansa da fadawansa, kowane da halinsa da abin da yake so. Wanda ya san wannan ba ya bukatar ya kwaso fatalwar gidan bene daga fim ɗin wata ƙasa.

Karanta labarin aljanu da bokaye ba ya taɓa imanin mutum?

Hukunci na malamai ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambaye su. Abin da zan iya faɗa a matsayin mai karatu shi ne, samuwar aljanu ba marubuta suka ƙirƙiro ta ba. Sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi. Kuma a Suratu Saba an ba da labarin rasuwar Annabi Sulaimanu, yana dogare da sandarsa aljanu na ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi, ta bayyana cewa ba su san gaibu ba. Da wannan ma'auni nake karatu. Littafin da ya mai da boka mai sanin gobe, wanda duk abin da ya faɗa sai ya tabbata kuma mai zuwa wurinsa ya ci riba ya zauna lafiya, ina ajiye shi. Wanda ya nuna abin da asiri ke ci a jikin mai yinsa, kamar yadda ramuwar saurayin Jiki Magayi ta dawo masa, wannan na san marubucin ya san abin da yake taɓawa.

To soyayyar tarihi fa, me ke cikinta da babu a ta zamani?

Nisa. A labarin yau saurayi na da lambar waya, in an hana shi zance ya tura saƙo. A Kano ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ɗan masu rini da ya hango 'yar fada sau ɗaya a hanyar Kasuwar Kurmi ba shi da hanyar sake ganinta sai ta bakin wata tsohuwa ko kuyanga. Kalma ɗaya sai ta yi wata guda kafin ta isa. Ko ka ɗauki ɗan fatake da ya bi ayarin goro zuwa Gwanja: ya tafi da alkawari a bakinsa, tafiyar watanni ce, kuma kafin ya dawo an iya ɗaura mata aure, ko hari ya ci garin. Jira irin wannan shi ke ba soyayya nauyi. Zoben azurfa da aka aiko cikin ƙullin goro ya fi saƙo ɗari na waya.

Amma sai marubuci ya yi aikin gida. Na taɓa karanta labarin da aka ce a zamanin Rumfa ne, sai ga gimbiya tana cin dafaffiyar masara, ana yi mata miyar tumatir. Masara da tumatir da rogo da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso ƙasar Hausa ba sai bayan wancan zamani. Gero da dawa ne abincin, sai fura da nono. Haka in labari na ƙarni na 19 ne, sadaki da wuri ake ƙirga shi, zambar kaza, ba da fam ko sule ba. In kuma bayan 1903 ne, lokacin da Turawa suka ci Kano, to duniyar ta fara sauyawa, kuma da jirgin ƙasa ya iso a 1911 tafiyar da ke cin makonni ta koma ta kwanaki. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke sa ka ji ƙamshin soron, ka ga azara a rufin, ka ji kakaki daga nesa.

Akwai kuma abin da ba na yafewa: a share bauta. Kuyangar da ke kai saƙon gimbiya mutum ce, an rabo ta da wani gari da wata uwa. Tafawa Ɓalewa bai kau da kai daga wannan ba. Mahaifiyar Umar ta bi sawun ɗanta har Tarabulus, ita ma ta faɗa hannun masu bayi, kuma wannan uwar ce ke tsaya wa mai karatu a rai shekara da shekaru. Tarihinmu cike yake da wuraren da ba a taɓa su sosai ba: Daura ta zamanin sarauniyoyi, Zazzau ta Amina, fadar Damagaram, Katsina ta malaman Gobarau, tsayuwar Sarauniya Mangu gaban sojojin Faransa a Lugu, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1899. Ina jiran ranar da wani zai ba mu labarin soyayya daga bakin kuyangar, ba daga bakin uwar ɗakinta ba.

Sauraro a rediyo ko YouTube, ko karatu a waya, daidai yake da riƙe littafi?

Sauraro ai komawa gida ne, don da kunne muka fara. Mai karatu mai murya, wanda ya san inda zai ja numfashi, yana ƙara wa labarin aljanu kwarjini. Inda nake da ƙorafi shi ne labaran da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Marubuciya na rubutu yau ta saki yau, masu karatu na matsa mata, sai labarin da ya kamata ya ƙare a babi talatin ya kai ɗari, a manta sharaɗin da aka kafa a farko. Labarin asiri ya fi kowanne shan wahala a haka, don shi sai an san ƙarshensa kafin a rubuta farkonsa.

Ɗana ba ya karanta komai sai littattafan yaƙi. In hana shi?

Kada ki hana, Hajiya. Yaron da ya iya zama awa biyu a kan littafi ya riga ya mallaki abin da malamai ke fama su dasa. Ki karɓi ɗaya ki karanta da kanki, don akwai waɗanda batsa ko zubar da jininsu ya wuce shekarunsa, waɗannan ki janye su. Sauran kuwa ki sa ya ba ki labarin da bakinsa bayan sallar isha, ki riƙa tsayar da shi kina tambaya: to me ya sa bai yi amfani da zoben ba tun a kogon farko? Za ki ga ya yi shiru yana tunani. In ya gama wanda ke hannunsa, ki ajiye masa Ruwan Bagaja a kan katifa, bayansa Ganɗoki, sai ya ɗan ƙara girma ki ba shi Shaihu Umar.