Waiwaye: Wa Zai Biya Idan Kaya Suka Lalace a Jirgin Ƙasa?

Tun ba a shimfiɗa layin dogo ba, dokar Ingila ta riga ta ɗaure mai dakon kaya tamau. A 1785 aka yi shari'ar wani mai dako da gobara ta cinye kayan da aka ba shi a kasuwar Weyhill. Ba daga wurinsa wutar ta tashi ba, ba a kuma same shi da sakaci ba, amma alƙali Lord Mansfield ya ce sai ya biya. Hujjar ita ce mai kaya ba ya bin kayansa a hanya, in aka bar mai dako ya tsira da "ba laifina ba ne", an buɗe masa ƙofar haɗa baki da ɓarayi. Uzuri biyu kaɗai alƙalin ya yarda da su: bala'in da babu hannun ɗan Adam a ciki, kamar tsawa, da farmakin abokan gaban sarki. Wanda ya karanta fikihun Malikiyya zai ga bambanci: a can mai jirgin ruwa ba ya ramuwa in ba sakaci, sai dai ba shi da kuɗin haya sai kaya sun isa.

Kamfanonin jirgin ƙasa sun gaji wannan nauyi ba da son ransu ba. Dokar 1830 ta ɗan rage musu: zinariya, agogo, siliki da irinsu, in darajarsu ta haura fam 10, sai mai kaya ya faɗa ya kuma biya ƙari. Hakan bai ishe su ba. Suka shiga cusa sharuɗɗa a takardar kaya, wai ba ruwansu da asara ko da ma'aikatansu ne suka yi ganganci. Ɗan kasuwa ya sa hannu ko ya bar kayansa a ƙasa, tunda layi ɗaya ne ya ratsa garinsu.

A 1854 majalisa ta taka musu burki. Sharaɗi ba ya aiki sai an sa masa hannu, kuma sai kotu ta ga akwai adalci a cikinsa. Har dabbobi aka yanka wa iyakar diyya: doki fam 50, saniya fam 15, tunkiya ko alade fam 2, sai fa in an bayyana darajar da ta fi haka. A 1863 kotun ƙoli ta ƙasar ta yi watsi da sharaɗin kamfanin North Staffordshire a kan marmara da ya lalace a hanya. Sai kamfanoni suka koma ga farashi biyu, mai tsada asara a wuyan kamfani, mai rahusa a wuyan mai kaya. A ganina nan suka ci nasara, domin araha ke jan ɗan kasuwa. A 1962 ma aka sauke tsohon nauyin daga kan jiragen ƙasa na Birtaniya gaba ɗaya.

Matsalar Amurka daban ce. Kaya kan bi ta hannun kamfanoni da yawa, kowa ya ce ba a layinsa aka yi ɓarnar ba. Gyaran doka na 1906 da ake kira Carmack ya ce a kama wanda ya fara karɓar kayan, shi ya je ya nemi sauran. Turai kuwa tun 1890 ta ƙulla yarjejeniya a birnin Bern na Switzerland kan kayan da ke tsallaka iyaka.

Da jirgi ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fatu da shanu suka hau shi ƙarƙashin dokokin da Turawa suka zo da su. Dokar 1955 da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta ƙara sharaɗin lokaci: mai ƙara ya ba hukumar sanarwa a rubuce wata uku kafin ya je kotu, ya kuma shigar da ƙarar cikin wata 12. Wanda ya zauna jiran sulhu har shekara ta zagayo, ko buhunansa sun ruɓe a tarago, kotu ba za ta saurare shi ba.