Mece ce "bodalayin" da ake ta jifan mutane da ita?

Kwanan nan da wuya ka leƙa Facebook ko TikTok na Kanawa ba ka tarar ana laƙaba wa wani "bodalayin" ko BPD, wato ciwon ɗabi'a da ake kira borderline personality disorder a Turance, ba. Mace ta yi yaji sau biyu, bodalayin ce. Ɗan siyasa ya sauya sheƙa, shi ma bodalayin. Har a shirye-shiryen zamantakewar aure a rediyo sai ka ji an yanke wa baiwar Allah wannan hukunci daga saƙon da mijinta ya turo, ba a ko ji ta bakinta ba.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Adolph Stern, shi ya yayata sunan a 1938. Ya ga marasa lafiyar da ba su kai ga tabin hankali ba, amma sun wuce masu damuwa kawai, sai ya ce a bakin iyaka suke, wato "borderline" a Turance. Likitoci sun daɗe da barin wannan fahimtar, sunan ne ya maƙale, har ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka a 1980. Ni dai ban ga sunan da ya kai shi cutar da masu shi ba, don duk wanda ya ji sai ya ɗauka saura ƙiris mutum ya zauce.

Shi kansa ciwon na rashin iya riƙe zuciya ne, haɗe da mugun tsoron kada a guje ka. Misali, mace ta tura wa mijinta saƙo a WhatsApp, ta ga ya karanta, bai amsa ba. Kafin la'asar ta gama yarda ya daina sonta, ta kira shi har wayarsa ta yi zafi, ta nemi saki, bayan magariba kuma tana kuka tana roƙon gafara. Wasu har su yanki jikinsu da reza don zafin ciki ya lafa. Alamomi 9 ne a kundin, sai mutum ya haɗa aƙalla 5, kuma su zama halinsa na shekaru tun ƙuruciya. Maza ma suna yi.

Ana yawan cakuɗa shi da baifola (bipolar), ciwon da ke juya mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa, alhali mai baifola kan yi kwanaki ko makonni cikin yanayi ɗaya, kuma akwai magungunansa. Na bodalayin kan juya cikin awanni, galibi saboda abin da wani ya faɗa ko ya ƙi faɗa. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce tun 2009 kada a ba da ƙwaya don shi kansa ciwon. Maganinsa zama ne da ƙwararru, kuma babban ɓangarensa a cikin rukuni ake yi.

To nan ne abin ke ba ni haushi. Da an ce zaman rukuni sai mutanenmu su hango taron tonon silili, kowa ya zazzage sirrin gidansa gaban baƙi. Tsarin jinya na DBT, mai koyar da dabarun riƙe zuciya, wanda Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ta ƙirƙiro a shekarun 1980, ya fi kama da ajin makarantar dare. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako, kimanin awa biyu da rabi, tsawon makonni 24, sau da yawa a maimaita ya cika shekara. Masu jagora biyu ne. Rabin farko a duba aikin gida, rabi na biyu a koyi sabuwar dabara. Bayanin yadda ka yanki kanka ko abin da aka yi maka kana yaro ba a kawo shi aji, na ganawarka ne da likitanka ku biyu. Wanda ya yi fashi sau huɗu a jere ya fita daga zagayen.

Dabarun kuwa ba wani tsafi a ciki. Idan zuciya ta taso, ka cika kwano da ruwan sanyi, ka riƙe numfashi, ka tsoma fuska na ɗan lokaci, bugun zuciya zai sauka da kansa. Mu da aka koya wa cewa mai fushi ya zauna in a tsaye yake, ko ya yi alwala, bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ana kuma gwada yadda za ka ce "a'a" ba tare da ka ɓata zumunci ba, wani ɗan aji ya fito a matsayin uwar miji ko maigidan shago. Shi ya sa rukuni ya fi: ciwon tsakanin mutane yake tashi, tsakaninsu kuma za a yi atisaye. Ita Linehan ta bayyana a 2011 cewa an taɓa kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa fiye da shekara biyu tana budurwa. Binciken da Mary Zanarini ta jagoranta a Amurka ya nuna mafi yawan masu ciwon, bayan shekara 10, alamomin sun ragu har ba su cika sharuɗɗan ba.

Inda nake ba masu ɗari-ɗari gaskiya shi ne sirri. A garin da "a kai shi Dawanau" ya zama zagi, kuma mai zuwa sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam ke waige-waige kada ya haɗu da ɗan unguwarsu, budurwa ba za ta zauna aji ɗaya da ƙawar yayar saurayinta ba. Duk mai son kafa irin wannan rukuni a Kano sai ya raba maza da mata, ya tantance wa ya san wa tun kafin ranar farko, a kuma ajiye wayoyi a bakin ƙofa.