Waiwaye: asalin gardamar girman jikin ɗan ruga a zari-rugar Amurka

A kakar wasa ta 2024 a gasar NFL, wadda ita ce babbar gasar zari-rugar Amurka, mutum biyu ne suka yi zarra wajen rugawa da ƙwallo. Saquon Barkley na Philadelphia ya ci yadi 2,005, Derrick Henry na Baltimore ya rufa masa baya da yadi 1,921. Dukansu ƙarti ne. Barkley ya haura kilo 100, Henry kuwa tsawonsa ya doshi ƙafa 6 da inci 3, nauyinsa wajen kilo 112, ga shi yana da shekara 30, shekarun da aka saba cewa ɗan ruga ya fara tattara komatsansa. Masu cewa sai da girman jiki suka samu bakin magana. Ba a rufa wata huɗu ba, a Afrilun 2025, ƙungiyar Las Vegas ta ɗauki Ashton Jeanty a matsayi na shida a zaɓen sababbin 'yan wasa, saurayin da bai kai ƙafa 5 da inci 9 ba. Sai ɗaya ɓangaren ya ce to, ga amsarku nan. Tun daga lokacin masu sharhi ke ta ja-in-ja kamar yau aka fara zancen, alhali gardamar ta girmi duka 'yan wasan uku.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Hanya biyu ce: ko jagoran hari, wato kwatabak, ya jefa wa wani ya cafe, ko ya miƙa wa ɗan ruga da ke tsaye a bayansa, shi kuma ya rungume ta ya kutsa cikin mutum 11 da ke neman kayar da shi. A kan jikin wannan mai kutsawar ake musu: gara ƙato mai ture mutane, ko ƙarami mai zille musu?

Tarihin farko sananne ne. A shekarun 1930 Chicago tana da Bronko Nagurski, wanda ba ya kauce wa kowa. Bayan yaƙin duniya na biyu Cleveland ta yi Marion Motley, sannan Jim Brown, mai kilo 105, wanda ya fi kowa cin yadi a kaka takwas cikin tara da ya buga daga 1957 zuwa 1965. A zamanin Motley ɗin kuma akwai Buddy Young, mai tsawon ƙafa 5 da inci 4 kacal, ana kuma ji da shi. Abin lura shi ne, a wancan lokacin 'yan ruga biyu ke tsayawa a bayan kwatabak. Akwai fulbak, ƙaton da ke fasa tsakiya ya kuma share wa ɗan'uwansa hanya, akwai hafbak, mai ɗan jiki da ke zagayawa ta gefe. Ƙungiyar Miami ta 1972, wadda ba a doke ta ko sau ɗaya ba a kakar, ita ce cikakken misali: Larry Csonka mai kilo 107 da Mercury Morris mai kilo 86, kowannensu ya kai yadi 1,000, karo na farko da 'yan ƙungiya ɗaya suka yi haka a kaka guda. Wanda ya tambayi kocin wancan zamani ko ƙato ya fi ƙarami, sai ya dube shi da mamaki, domin gurbi biyu gare shi, kowanne da irin jikin da ya dace da shi.

Inda ya kamata a daɗe ana dubawa, amma aka fi tsallakewa, shi ne tsakanin 1978 da 1981.

A tsakiyar shekarun 1970 masu tsaron baya sun fi ƙarfin masu kai hari. Maki ya yi ƙaranci, kakar 1977 ta zama ɗaya daga cikin mafiya ƙarancin ci a tarihin gasar na zamani. Mai tsaro irin Mel Blount na Pittsburgh kan tare mai cafe ƙwallo tun daga layi, ya yi ta bangazarsa har jifar ta lalace. Don a buɗe wasan, sai aka yi gyare-gyare uku a 1978. Na farko, mai tsaro ba zai bangaji mai cafewa ba in ya wuce yadi 5 daga layin farawa. Na biyu, 'yan layin gaba masu kare kwatabak sun samu izinin miƙe hannuwa da buɗe tafuka, maimakon tarewa da gwiwar hannu a ƙirji kamar da. Na uku, wasannin kaka suka tashi daga 14 zuwa 16.

Babu ɗaya cikin ukun da ya ambaci ɗan ruga, shi ya sa ake mantawa da su in ana zancen jikinsa. Amma kowanne ya taɓa shi.

Gyaran farko ya sa jifa ta yi riba. A 1979 Dan Fouts na San Diego ya jefa ƙwallo ta yadi 4,082, ya karya tarihin da ya tsaya tun 1967, zuwa 1984 kuma Dan Marino ya wuce yadi 5,000. To, mutum 11 ne a fili, biyar 'yan layi, ɗaya kwatabak, saura biyar. Duk kocin da ke son ƙarin mai cafewa, dole ya cire wani. Wanda aka fi cirewa shi ne ɗaya daga cikin 'yan ruga biyun nan.

Gyara na biyu ya sauya jikin 'yan layi. Da zarar an yarda mutum ya miƙe hannu ya riƙe matsayinsa, nauyi da tsawon hannu sun zama jari. Ɗan layin shekarun 1970 kan yi kilo 115 ko kusa da haka, na yau kuwa kilo 140 ne ba abin mamaki ba. Wannan ya yi wa gajeren ɗan ruga rana, domin yana ɓuya a bayan katangar mutane, mai tsaro bai gan shi ba sai ya riga ya zaɓi kafar da zai bi. Gyara na uku kuma ya ƙara wa kowa duka na wasa biyu a shekara, kuma babu wanda ke shan duka kamar mai rungume da ƙwallo.

Sai 1981. A shekarar New York Giants ta ɗauko Lawrence Taylor, mai tsaron da ke da nauyin kilo 107 da gudun da ba a saba gani ga mai irin jikinsa ba. Aikinsa ya faɗa wa kwatabak ta gefe kafin ya yi jifa, kuma ɗan rugar da aka sa ya tare shi yakan sha ƙasa. A shekarar ce Joe Gibbs ya karɓi horar da Washington, wadda ke karawa da Giants sau biyu duk kaka. Ya fito ne daga San Diego, inda aka riga aka fara gwada tsayar da ɗan ruga ɗaya tilo. Ya sha kashi a wasanninsa biyar na farko, sannan ya zauna a kan wannan tsari: ya cire ɗan ruga ɗaya daga baya, ya sa ƙarin ƙato kusa da layi don tare irin su Taylor. Tsarin ya karɓe shi. A Janairun 1983 John Riggins, mai kilo 104, ya ɗauki ƙwallo sau 38 a wasan ƙarshe na Super Bowl, ya ci yadi 166, Washington ta ɗauki kofi. Abin da ya ci kofi kuwa ba ya rasa masu kwaikwayo.

A daidai wannan lokaci, can San Francisco, Bill Walsh yana ɗinka nasa salon na gajerun jifa, inda ɗan ruga ke fita ya cafe ƙwallo kamar kowa. A 1985 Roger Craig ya zama na farko da ya haɗa yadi 1,000 na ruga da yadi 1,000 na cafewa a kaka ɗaya.

A haɗa waɗannan a ga abin da ya fito. Aikin da mutum biyu ke rabawa ya koma kan mutum ɗaya, har da ƙari. Shi zai fasa tsakiya in saura yadi 1, shi zai zagaya ta gefe, shi zai cafe, shi zai tsaya ya tare mai tsaron da ya taho a guje. Kamar manomin da ya sayar da sa ɗaya, ya bar ɗayan da garma, sannan ya ƙaro gona. A 1984 James Wilder na Tampa Bay ya ɗauki ƙwallo sau 407, ya kuma cafe sau 85. Daga ranar da gurbin ya zama ɗaya, tambayar wane jiki za a sa a ciki ta zama dole, kuma kowace amsa tana da gaskiyarta, tunda ayyukan da aka cusa a gurbin ba jiki iri ɗaya suke so ba. A ganina nan gizo ke saƙar.

Kakar 1989 ta nuna hakan ƙuru-ƙuru, kuma akwai ɗan Najeriya a ciki. Christian Okoye haifaffen Enugu ne, ya je Amurka karatu a jami'ar Azusa Pacific a matsayin mai jifan faifai, bai taɓa buga zari-rugar Amurka ba sai da ya haura shekara 20. Kansas City ta ɗauke shi a 1987. Nauyinsa wajen kilo 115, masu tsaro sukan taru uku kafin su kai shi ƙasa. A 1989 ya fi kowa da yadi 1,480. Wanda ya zo na biyu sabon shiga ne, Barry Sanders na Detroit, mai ƙafa 5 da inci 8 da kilo 92, da yadi 1,470. Yadi 10 ne tsakaninsu, kuma a wasan ƙarshe an ba Sanders damar komawa fili ya cike giɓin, ya ce a bar shi, tunda an riga an ci wasa. Sai dai Okoye sau 370 ya ɗauki ƙwallo, Sanders sau 280. Ɗaya yana gajiyar da masu tsaro da duka, ɗayan yana barinsu suna rungumar iska. Okoye ya yi kaka shida raunuka suka tsayar da shi, Sanders ya yi goma ya ajiye da ƙafafunsa lafiya, da yadi 15,269.

Kada a yi saurin cewa ƙanana sun yi nasara. Mutum huɗun da suka fi kowa yadin ruga a tarihin gasar, wato Emmitt Smith da Walter Payton da Frank Gore da Sanders, babu wanda ya kai ƙafa 5 da inci 11, wannan gaskiya ne. Amma kowannensu yana tsakanin kilo 90 da 100. Gajeru ne, cinyoyinsu kuwa cike suke, nauyinsu yana ƙasa-ƙasa, wanda ya zo kayar da su sai ya sunkuya sosai. Rabin musun da ake yi yana tasowa ne daga haɗa tsawo da nauyi a ma'auni ɗaya. 'Yan wasan da suke ƙanana da gaske, irin Darren Sproles mai ƙafa 5 da inci 6, sun daɗe a gasar ne saboda ba a ɗora musu dukan kayan ba. Shi Sproles cafewa da dawo da ƙwallon da aka buga ne suka fi yawa a aikinsa. Dogaye kuma suna da tasu matsalar, masu tsaro kan nufi gwiwoyinsu, abin da ya sa ɗorewar Henry ke ba mutane mamaki.

Abin da ya ƙara wa gardamar gishiri shi ne awo. Tun 1982 ƙungiyoyi suka fara tara matasan da ke son shiga gasar wuri ɗaya don gwaji, daga 1987 kuma taron ya zauna a Indianapolis. Ana auna tsawo har zuwa ɓarin inci, a auna nauyi, a ɗauki lokacin gudun yadi 40. Lamba tana da daɗin musu, ganin kafa kafin ta buɗe kuwa babu sikelin da ke auna shi. Smith, wanda ya ƙare da yadi 18,355, sai a matsayi na 17 aka ɗauke shi a 1990, ana cewa ba shi da girma kuma ba shi da gudu.

Saura labarin kuɗi ne, an kuma sha faɗarsa. Denver ta yi shekaru daga 1995 tana fito da mai yadi 1,000 bayan mai yadi 1,000, galibinsu waɗanda ba a ɗauka da wuri ba, har aka fara yarda cewa 'yan layi ne ke yin aikin. A 2013 da 2014 ba a ɗauki ɗan ruga ko ɗaya a zagayen farko na zaɓe ba. A 2023 manyansu irin Barkley da Josh Jacobs sun yi ta ƙorafi kan tayin kaka ɗaya na kimanin dala miliyan 10, kuɗin da manyan masu cafewa suka ninka. Wanda ake sa ran zai ƙare da wuri ba a ba shi doguwar yarjejeniya, shi ya sa maganar jikin da zai jure duka ta koma maganar albashi.

Mafitar da ƙungiyoyi da dama suka kama yanzu ita ce sake raba aikin. Detroit ta haɗa David Montgomery mai kilo 102 da Jahmyr Gibbs mai kilo 91, a 2023 na farkon ya ci yadi 1,015, na biyun 945. Bambancinsu da Csonka da Morris shi ne a kakar ba kasafai suke tsayawa tare ba, domin gurbin na biyu har yanzu yana hannun mai cafewa. Karɓa-karɓa suka riƙa yi, wannan ya fito wancan ya shiga, masu tsaro kuma suna kallon wanda ya shigo don su yi hasashen abin da ke tafe.