Waiwaye: Yadda zugar filin wasa ta koma hannun 'yan mata a makarantun Amurka

Duk wanda ya kalli wasan makarantar sakandare a Amurka ya ga 'yan matan nan masu kaya iri ɗaya a gefen fili, suna kirari suna tsalle, suna cilla junansu sama. Wannan ita ce zuga, wadda ake kira cheerleading da Turanci. Asalin aikin na maza ne zalla.

A ranar 2 ga Nuwamban 1898 wani ɗalibi a Jami'ar Minnesota, Johnny Campbell, ya miƙe gaban 'yan kallon wasan zari-ruga irin na Amurka, yana ba da waƙa suna amsawa, kamar yadda maroƙi ke zuga ɗan dambe. Daga nan ake lissafin tarihin. A lokacin jagoran zuga mutum ne mai daraja a makaranta. Dwight Eisenhower da Ronald Reagan sun taɓa aikin suna ɗalibai, haka ma George W. Bush a makarantar Phillips Academy; dukansu sun zama shugabannin Amurka daga baya.

Jami'ar Minnesota ta fara ɗaukar mata a tawagar zuga a 1923, amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya juya al'amarin. Maza suka tafi fagen daga, mata suka karɓi filin, ba su kuma sake shi ba. A 1948 Lawrence Herkimer ya kafa ƙungiyar National Cheerleaders Association a Texas, yana shirya sansanonin horo, yana kuma sayar wa makarantu kayan sawa da tuntayen da ake kaɗawa. Zuga ta zama kasuwa.

Da gurbi a tawagar ya zama abin alfahari, sai aka fara rigima kan wa za a ɗauka. A garin Crystal City na Texas, mafi yawan ɗaliban sakandare 'yan asalin Meziko ne, amma gurbi ɗaya tak ake ba su. A Disamban 1969 ɗaliban suka ƙaurace wa azuzuwa na makonni, har hukumar makarantar ta sassauto. Rigimar tawagar zuga ce ta kunna wutar, kuma daga garin ne jam'iyyar 'yan asalin Meziko, La Raza Unida, ta fito a 1970.

Bayan Jeff Webb ya kafa Universal Cheerleaders Association a 1974, salon ya koma na alkafura da hawa kan kafaɗun juna, ga gasa ana nunawa a talabijin. Haɗarin ya ƙaru sosai. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da 'yan mata ke samu a wasannin sakandare daga zuga suke, ta nemi a ɗauke ta a matsayin wasa, domin a wajabta ƙwararren mai horarwa, gwajin lafiya da shimfiɗa mai taushi.

Nan ne doka ta yi jinkiri, kuma a ganina ba ta da hujja. A 2010 wani alƙalin tarayya, a shari'ar Jami'ar Quinnipiac, ya ce gasar zuga ba ta kai matsayin wasa ba a ƙarƙashin dokar daidaito tsakanin maza da mata a makarantu, Title IX ta 1972. California sai a 2015 ta yi dokar amincewa da ita a makarantun sakandare, kwamitin Olamfik na duniya kuma ya ba ƙungiyarta ta duniya cikakkiyar shaida a 2021. Har yanzu kowace jiha da nata hukuncin.