Waiwaye: sabulu, masai da ruwan sha a sansanin soja

A 2015, lokacin da yaƙi da Boko Haram ya yi ƙamari a Kolofata da Fotokol, jama'ar Kamaru sun yi karo-karo don sojoji: kuɗi, shanu, buhunan shinkafa. An kyauta ƙwarai. Sai dai tarihin irin wannan gudummawa ya nuna cewa wadda ta fi ceton rai ita ce wadda ta shafi tsafta.

A yaƙin Kirimiya (1853 zuwa 1856), sojojin Ingila da kwalara da taifot da atini suka kashe sun fi waɗanda harsashi ya kashe yawa nesa ba kusa ba. A Nuwamba 1854 Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, ta isa asibitin soja na Uskudar, daura da Istambul, tare da mata ma'aikatan jinya 38. Da kuɗin da masu karanta jaridar Times suka tara ta sayi riguna da sabulu da burushin goge ƙasa, ta buɗe wurin wanki. Duk da haka mutuwa ba ta lafa ba, domin ginin na zaune ne a kan magudanan ƙazanta da suka toshe. Sai a Maris 1855, da hukumar tsafta ta zo daga Landan ta wanke magudanan, ta fitar da mushen doki daga hanyar ruwan sha, ta buɗe wa iska hanya, sannan mace-macen suka ragu sosai cikin 'yan watanni.

Amurkawa sun ɗauki darasi. A Yuni 1861, farkon yaƙin basasarsu, fararen hula suka kafa hukumar tsafta ta sa-kai. Likitocinta kan zaga sansanoni suna duba inda aka haƙa masai da yadda ake girki, mata kuma na aika barguna da dankali da albasa don hana ciwon da ke sa dasashi zubar da jini. Ko da hakan, kusan biyu cikin kowane soja uku da suka mutu, cuta ce ajalinsu. Ƙungiyar Red Cross ma, wadda aka kafa a Janeba a 1863, tushenta matan ƙauye ne da suka yi jinyar waɗanda suka ji rauni a yaƙin Solferino na 1859 a Italiya.

A bakin tafkin Cadi da fadamun kogin Logon matsalar ta fi wuyar sha'ani. Ƙasar laka ce, ruwa kuma na kusa da sama, da damina ramin masai kan rufta ko ya cika ya gangara rijiya. Ƙa'ida ita ce masai ya yi nisan mita 30 aƙalla daga rijiya, gindinsa ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. Inda hakan bai yiwu ba, sai a ɗaga ginin a kan tudu, a ɗaure bakin ramin da bulo ko tsohuwar ganga. Masai ɗaya na mutum 20 ne. Idan aka wuce haka layi ya yi tsawo, sai a koma bayan daji, ƙudaje su kwaso su sauke a kan tukunya.

Ruwa kuwa, lita 15 a rana ga kowane mutum ita ce mafi ƙaranci, a zafin Afrilu ma ba ta isa. Wani kuskure da ake yi shi ne jefa ƙwayar kulorin a ruwa mai dauɗa, alhali laka na cinye ƙarfin maganin. A bari ya kwanta, a tsiyaye, a sa maganin, a jira minti 30, a adana a jarka mai murfi wadda hannu ba ya shiga.

Don haka ƙungiyar 'yan kasuwa a Kusiri ko ta mata a Marwa, in za ta haɗa kaya, ta fara tambayar likitan sansani abin da ya ƙare. Sabulu, gidan sauro, jarka da ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa ba sa lalacewa a hanya. In ƙunshin ya yanke, ana haɗa shi da lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo.