Saniya ta warke bayan haihuwa amma ta ƙi ɗaukar ciki: ga amsoshinku

Tambayoyin nan su ne dai kullum, daga masu shanun tatsa na cikin garin Tawa har masu kirana daga Abalak da Konni. Na tara su wuri guda, don Allah a karanta kahin a bugo waya.

Wai da gaske ciwon bayan haihuwa na hana saniya ɗaukar ciki?

Da gaske ne. Ko ta jinkirta neman bijimi, ko a yi ta barbara ba ta kamawa, ko cikin ya shiga ya lalace tun yana ƙarami ba ka ma sani ba.

Mabiyiya ta ƙi faɗuwa, in ja ta?

A'a! Kada ka ja, kada ka ɗaura mata dutse, na gaji da faɗin wanga magana. Mabiyiyar saniya maƙale take da mahaifa a wurare da yawa kamar maɓallan riga, in ka ja da ƙarhi sai ka yi mata rauni a ciki, ƙwayoyin cuta su samu hanya. In ta wuce awa 12 ka sa ido, in ta kai awa 24 ka kira malamin dabbobi. Galibi tana ruɓewa ta faɗo da kanta cikin kamar mako guda, abin dubawa shi ne saniyar tana ci ko ta bar ci, da masassara ko babu.

Ruwan da ke hita bayan haihuwa fa?

In ja-ja ne ko ruwan ƙasa kuma ba ya wari, har wajen sati biyu, ka kwantar da hankalinka, mahaifa ce ke wanke kanta. In yana ɗoyi, ga nono ya ragu, zahin jiki ya wuce digiri 39,5, to mahaifa ta kamu. Ku sayi termometir, abin awon zahin jiki, mana, taɓa kunne ba awo ba ne.

Ciwon hantsa mi ya haɗa shi da ciki?

Kumburi da masassara duk inda suke a jiki suna dagula sinadaran da ke sa ƙwai ya nuna ya hita. A yi magani.

To ai ta warke tun tuni, tana ci tana ba da nono. Yaushe zan kai ta ga bijimi, ko dai in saida ta?

Nan ne Alhaji sai ka yi haƙuri da ni, don amsar ba guda ba ce. Warkewar da kake gani da ido daban, ta ciki daban. Saniya mai lahiya ma mahaifarta na ɗaukar wajen kwana 40 kahin ta koma yadda take, wadda ta yi ciwo ta hi haka, kuma wata za ka gan ta garau alhali akwai mugunya kwance a ciki, sai in ta kwanta ka ga fari-fari a ƙarƙashin wutsiya. Irin wannan ko bijimin Tukunus, tashar da ake kiwon zaɓaɓɓun shanun Azawak, ka kawo mata asarar kuɗi ce. Sannan ƙwan da za ta saki yau ba jiya ya fara girma ba, wata biyu zuwa uku yana tasowa, ke nan wanda ya taso lokacin tana kwance da masassara tana ramewa ba shi da ƙwari, shi ya sa barbarar farko kan tahi a banza kuma ba laihin bijimi ba ne.

Ni dai abin da nake cewa, kada a yi barbara kahin kwana 50 zuwa 60, in ta yi ciwon mahaifa a bari likita ya sa hannu ya duba tukuna. Amma ko wannan ya danganta. In da rani ta haihu, wajen watan Afrilu ko Mayu, ga zahi ga ba ciyawa, kana tatsa safe da marece maraƙi kuma na tsotso, jikinta zai ba nono duk abin da ta ci, ya aje maganar ciki gehe guda. In haƙarƙarinta sun hito kana ƙirga su daga nesa, ba allura take so ba, dusa take so da harawa da angurya da gishiri da ruwa isasshe. Wata kuma tana neman bijimin, kai ne ba ka gani ba, don shanunmu irin su Azawak nemansu gajere ne kuma sau da yawa cikin dare, yana dawowa duk kwana 21 ko kusa da haka. Ka duba da asuba, ka duba da magariba.

Maganar saidawa, in an yi barbara sau uku a kan lokaci ba ta kama ba, an duba an yi magani, jikinta ya cika, kuma ga tsufa, to ba zan hana ka ba. Amma mai ƙuruciya mai nono da ta yi ciwo sau guda, kada ka yi gaggawa, da yawansu suna kamawa in an ba su lokaci da abinci.

Ta faɗi ta kasa tashi kwana guda bayan haihuwa?

Wataƙila ƙarancin kalsiyom ne, ya hi kama manyan masu nono da ƴan haɗi da shanun Turai. Kira likita yanzu, ba gobe ba. Kada ka ɗura mata komi ta baki tana kwance, sai ya tahi huhu.

In sayi oksi, wato allurar oksitetrasiklin mai kashe ƙwayoyin cuta, a kasuwa in yi mata da kaina?

Kwalbar da ta yini cikin rana bisa tabarma? Haba. Kuma ko ta farmasi ce, akwai kwanakin da ba a sha ba a saida nonon bayan allurar, an rubuta a jikin kwalba, yara ne ke shan nonon nan ku ji tsoron Allah.

Mi zan rubuta a kaye, littahin nan da kuke ta cewa a aje?

Ranar haihuwa, ranar da mabiyiya ta faɗo, ciwon da ta yi, ranar barbara. In kun zo kuna ce mini "wajen bayan salla ne" ba abin da zan iya lissafawa.

Shanu biyu sun yi ɓari da tsohon ciki, duka mabiyiya ta maƙale?

Wannan a auna jini, ana tsoron bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari, kuma tana kama mutane. Kada a taɓa ɓarin da hannu tsirara, a binne shi da zurhi kada karnuka su ja, a ware shanun daga garke, nono kuma a tafasa shi kahin kowa ya sha.