Makaranta a tsakiyar teku: me matasa ke koyowa a can?

Wai da gaske akwai karatun da ake yi a cikin jirgin ruwa?

Akwai mana. A garin Woods Hole na jihar Massachusetts a Amurka akwai wata cibiya, Sea Education Association, tun 1971 take, ɗaliban jami'a kan zo su yi 'yan makonni a aji sannan a zuba su a jirgi mai tafiya da iska su shafe wajen sati shida a teku. Jiragen biyu ne, Corwith Cramer da Robert C. Seamans. Kuma ba fasinja ba ne fa, su ke jan igiya, su riƙe sitiyari, su yi gadin dare bi da bi, har wanke-wanke ba a ɗauke musu ba.

To me ya haɗa jan igiya da damuwa da gurɓatar teku?

Wajen koma, wato raga irin ta kamun kifi, abin yake. Ana jefa wata koma mai ƙananan ido jirgi ya ja ta a saman ruwa, in an fito da ita sai yaro ya zauna da hantsaki yana tsince ɓurɓushin roba ɗaya bayan ɗaya daga cikin ƙwayayen kifi da ƙananan halittu, wasu ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba, alhali ko'ina ya duba ruwa ne shuɗi tas ba gari ba bola. Daga 1986 zuwa 2008 an ja komar nan sama da sau 6,100 a tekun Atlantika, aka ƙirga roba fiye da 64,000 da hannu, a 2010 wata masaniyar teku ta cibiyar, Kara Lavender Law, da abokan aikinta suka fitar da sakamakon a mujallar Science. Yara 'yan jami'a ne fa suka tara mafi yawan wannan.

Ba sai su kalla a bidiyo ba?

Ni dai a ganina ba ɗaya ba ne. A jirgi ruwan sha a tanki yake, wanka ma sai an yi lissafi, ledar da ka yar kuma tana nan tare da kai har a isa tasha don dokar duniya ta hana zuba roba a teku. Wanda ya yi wata guda a haka da wuya ya dawo gida ya bar famfo na zuba.

Mu da ba mu da kuɗin jirgi fa?

Gaskiya akwai tsada, ba kowa ke iyawa ba. Amma 'yan uwa na Legas da Akara ta Ghana ga bakin teku nan kusa, malami zai iya kwasar ɗalibai da buhu da rariya su tankaɗe yashi su ƙirga abin da ya fito. Na Kaduna ma ba su fita ba, kogin Kaduna cikin Neja yake zubawa, Neja kuma Atlantika ta nufa, don haka ledar fiya wata da aka jefa a kwata tana iya kama hanyar can in damina ta yi ƙarfi.